Kwalba Biyu Kafin La'asar

"Ba zan kafa ba, Baba."

Wanzami Gambo bai ɗago kai ba. Yana tsugune a bakin ƙofar ɗakin surukarsa, ya jera ƙahoni huɗu a kan buhu, yana wasa aska a tafin hannu. A cikin ɗakin, Yalwa, matar ɗansa Salihu, tana numfashi sama-sama kamar wadda aka biyo da gudu, alhali kwana uku ke nan ko zaune ba ta iya tashi ba.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba zan kafa mata ƙaho ba."

Tun Sharifa tana da shekara goma sha biyu ubanta ya koya mata sana'ar. Namiji ba ya shiga ɗaki ya buɗe bayan matar wani, balle bayan surukarsa, don haka duk matan kambon, wannan unguwar 'yan ƙwadago da ke kwance a gefen babbar magudanar ruwa, ita ke yi musu. Ta kafa, ta tsotsa, ta tsaga, ta sake kafawa, ta juye jinin a rairayi. Ko lokacin da take makarantar 'yan mata a Wad Madani, in ta dawo hutu mata na jiran ta a layi.

Damina ce ta 1975. Ruwa ya kwanta a gonakin audugar Jazira, sauro ya tashi kamar hayaƙi, zazzaɓi ya bi gida-gida yana kwantar da mutane. Wata biyu ke nan Sharifa tana bin 'yan agaji masu raba ƙwayar zazzaɓi, tana yi musu tafinta wurin tsofaffin da Larabcinsu bai nuna ba. Da rana ta raba ƙwaya, da yamma ta ɗauki ƙahon ubanta. Ba ta ga abin da ya raba ayyukan biyu ba sai kwana tara da suka wuce, ranar da ta kafa wa Ramatu matar Jibril ƙaho shida, Ramatu ta cika washegari da hantsi. Sharifa ta je ta tambayi hakim, wato likitan asibiti. Ya ja fatar idonsa ƙasa da yatsa ya nuna mata jan da ke ciki, ya ce in ta ga nan ya yi fari, to jikin ba shi da jinin da zai bayar ko ɗigo.

"Mataccen jini ne ya cika mata jiki," in ji Gambo. "Ba ki ga ƙafafun sun kumbura ba?"

"Baba, zo ka duba idonta da kanka."

"In duba idon surukata? Makarantar ce ta koya miki wanga?"

"To ni na duba. Fari ne fat, kamar audugar da aka ciro yanzu. Haihuwa ta ɗebi nata kwana goma sha biyu da suka wuce, zazzaɓi ya ɗebi nasa, kai kuma kana so in tsotse ɗan abin da ya rage."

Sai yanzu ya dube ta. Ya ajiye askar a hankali.

"Kakana ya taho da ƙahonin nan tun daga ƙasar Sakkwato, a ƙafa, za shi Makka. Da su ya ci abinci a hanya, da su ubana ya ci, da su na ciyar da ke har kinka san baƙi. Yau ke za ki gaya mini abin da ke cikin jikin mutum?"

"Ban raina ƙaho ba. Mai lafiya in ya ji nauyin jiki ya zo a yi masa. Wannan ba mai lafiya ba ce."

Salihu na tsaye jikin katanga, hannuwa a baya, yana kallon ƙasa. Sharifa ta juya gare shi.

"Yaya Salihu, matarka ce fa. Ka buɗe baki."

"Baba ya fi mu sani, Sharifa."

"Baba bai ji jikin Ramatu yana yin sanyi a hannunsa ba. Ni na ji."

Innarsu Talatu, da ke rungume da jaririn a bakin madafa, ta ɗora hannu a baki. Sharifa ta ja mayafinta ta fice, ba ta daɗe ba aka ji rugugin tarakta a ƙofar gida. Jibo ne, direban da ke jigilar maganin 'yan agaji, domin in damina ta kankama babu motar da ke iya taka baƙar laka ta Jazira sai tarakta.

"In kinka fita da ita, ba da izinina ba," in ji Gambo.

"Na ji, Baba."

Ta shiga ɗaki ta cicciɓi kafaɗun Yalwa ita kaɗai. Ta kasa. Ta sake gwadawa, kan Yalwa ya langaɓe a wuyanta. Tana cikin haka ta ji hannu ya ture ta gefe. Salihu ne. Ya ɗauki matarsa kamar tsumma, ya wuce ta gaban ubansa bai dube shi ba.

Tafiyar sa'a guda ce a kan gaɓar magudanar, ruwa a dama, laka a hagu. Sun shimfiɗa Yalwa a kan buhunan da ke cikin tirela, Sharifa ta tare mata rana da mayafi. Duk ramin da suka faɗa sai Yalwa ta buɗe ido ta tambayi jaririnta, Sharifa ta ce yana wurin Inna, maƙwabciya na shayar da shi. Sau ɗaya Yalwa ta yi ɗan murmushi ta ce, "Uwar iyayi, kin ja mini faɗa da surukina." Sharifa ta ce, "Ki warke tukuna, sai ki je ki ba shi haƙuri."

Asibitin ɗakuna huɗu ne, a wani gari kan hanyar Managil, amma marasa lafiya sun fi ɗari. Sun cika baranda, sun cika gindin itatuwan darbejiya, wasu a kan gadon igiya da suka zo da shi daga gida, wasu a tabarma. Hakim Ali ya fito, idonsa ja don rashin barci. Ya ja fatar idon Yalwa, ya juya tafin hannunta, ya kasa kunne a ƙirjinta.

"Zuciyar tana gudu ba ta da abin turawa," ya ce da Larabci. "Ƙwaya ba za ta yi komai ba yanzu. Kwalba biyu nake so, kafin la'asar. Bayan la'asar ban ɗaukar miki alkawari ba."

"Babu ko ɗaya a ajiye?"

"Ya Sharifa, ke ma kin sani. Wanda ya zo da mara lafiya shi ke zuwa da jini."

Salihu ya naɗe hannun riga. Hakim ya tsira masa allura a yatsa, ya matso ɗigo ɗaya a cikin wani kofin gilashi mai ruwa shuɗi. Sharifa ta san gwajin: in jinin na da ƙarfi, ɗigon ya nutse ƙasa kai tsaye. Ɗigon Salihu ya tsaya a tsakiya, yana lilo, sannan ya taso sama. Hakim ya kama wuyan rigar Salihu ya ja baya. Ga tsaga nan sababbi, jeri-jeri, daga ƙeya zuwa kafaɗa.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Sau nawa a watan nan?"

"Biyu. Don kada zazzaɓin ya kama ni."

Hakim ya saki rigar. "Ku mutane ne masu ban mamaki. Ku zubar a ƙasa kaji su tone, sannan ku zo ku ce a ba ku na wasu."

Wata mata da ke zaune kusa da ɗanta ta yi tsaki ta ce, "Fallata ke nan." Sunan da 'yan ƙasar ke kiran irinsu Sharifa da shi ke nan, waɗanda kakanninsu suka zo daga yamma. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma ta tabbatar an ji.

Abin da ya fi ƙona wa Sharifa rai shi ne rabin maganar hakim ɗin gaskiya ce. Ta juya ta fuskance shi.

"Hakim, kwalbar da na bayar makon jiya, wa ka ƙara wa?"

"Wani yaro, ɗan wani mai kanti."

"To ka aika a gaya wa uwarsa jinin Fallata ne ke yawo a jikin ɗanta, ko za ta so a cire." Ta miƙa hannu. "Ɗauki nawa."

"Kwana takwas kacal da bayarwarki."

"Gwada dai."

Ya gwada a kan farin tangaran, ɗigon nata da na Yalwa. Suka dunƙule kamar madarar da ta tsinke. Ya girgiza kai.

"Ko da kin cika wata uku, naki zai kashe ta. Nata iri ne da ba ya karɓar kowane. Kawo mini maza shida ko bakwai, lafiyayyu, waɗanda aska ba ta taɓa su ba a watan nan. A cikinsu in Allah ya so mu sami biyu."

Ta bar Salihu riƙe da hannun matarsa, ta haye tarakta. A hanya ta dinga lissafa mazan kambon gida-gida, kuma duk sunan da ta kamo sai ta tuna ranar da ta gan shi zaune a zaurensu, riga a cinya, ƙaho a ƙeya. Mako biyu ke nan ubanta bai huta ba. Tun da zazzaɓin ya shigo, kowa ke zuwa a rage masa jini kafin cutar ta same shi. Kambo guda, maza sun fi saba'in, duk sun juye abin da Yalwa ke nema a bayan gidansu.

"Jibo, kai fa?"

"Ni me?"

"Ba a taɓa yi maka ƙaho ba."

"A'a, a'a, ya Sharifa. Ni direba ne. Ni ko allurar ɗinki na gani sai cikina ya juya. Ki nemi jarumai, ni in kai su."

Sun iso ana sallame azahar. Maza na fitowa daga masallaci suna laluben takalma, wasu sun zauna a tabarmin da ke ƙarƙashin rumfa. Mace ba ta tsayawa a nan. Sharifa ta sauko daga tarakta ta tsaya daf da bakin tabarmin, ta yi sallama da murya mai ƙarfi. Ubanta na zaune a sahun gaba da carbi a hannu. Kusa da shi Shehu Abdulmuttalib ne, shugaban kambon.

"Yalwa matar Salihu tana asibiti. Jini take bukata kafin la'asar. Ina neman maza bakwai."

Kowa ya fara magana a lokaci guda.

"In sun ɗiba suna mayarwa?"

"An ce sayarwa suke yi a Hartum."

"Za su rubuta sunanmu? Ni ba ni da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, kada a je neman jini a dawo da mutum kan iyaka."

"Ba wanda zai tambaye ku takarda," in ji Sharifa. "Ni na bayar, ga ni tsaye. Kwalba ɗaya ce, ba ta kai abin da ɗayanku ke zubarwa a zaurenmu ba."

Wani dattijo ya miƙe yana gyara hula. "To in don wannan ne, mu je. Yalwa ɗiyarmu ce." Mutum biyar suka miƙe tare da shi.

"Tsaya, Kawu. Yaushe aka yi maka ƙaho?"

"Ran Lahadi."

"To zauna. Duk wanda aka yi wa a watan nan ya zauna. Naku ba zai yi ba."

"Don mi?"

"Don ya yi ruwa. An gwada na Yaya Salihu a gabana, bai kai ba."

"Ashe ba mataccen ake cirewa ba? Ai mai kyan ne ya rage."

Nan ne gizo ke saƙa. Sharifa ta san tun a hanya cewa tambayar za ta zo. Shehu Abdulmuttalib ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya yafito ta da yatsa. Ta matsa ta rusuna. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu da ubanta kawai za su ji.

"Ɗiyata, ki yi hankali da harshenki. Ki ce ƙa'idar asibiti ce, ba sa son mai sabuwar tsaga, shi ke nan. Ni zan nemo miki mutane. Ki bar ƙaho inda kinka same shi. Ubanki na zaune."

Hanya ce mai sauƙi, kuma ta ga sauƙinta. Amma akwai masu jego uku a kambon da zazzaɓi ya kwantar, ta san ɗakunansu, ta ga idanunsu. Gobe za a aiko gidan wanzami. In ta ƙi zuwa, za a sami wata tsohuwa da ta taɓa gani ana yi, a ba ta ƙaho. Ta miƙe tsaye.

"Allah ya ja kwananka, Shehu, ba ƙa'idar asibiti ba ce." Ta ɗaga murya. "Abin da ke fita a ƙaho ba matacce ba ne. Jini ne, irin wanda ke riƙe da ku. Baƙin da kuke gani daskarewa ya yi. Mai ƙarfi in an ɗiba jikinsa na mayarwa. Amma wannan zazzaɓin shi kansa jini yake ci. Wanda ya kama, aka kuma kafa masa ƙaho, an taya cutar aiki ne."

"La'ilaha illallahu," in ji wani. "A gaban ubanta."

"'Yar makaranta ke nan. A kai su su koyo boko, su dawo su koya mana haihuwa."

Daga can baya wani mutum ya miƙe. Jibril ne, mijin Ramatu. Ya rame har rigarsa na rawa a jikinsa. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ramatu fa?"

Amsar tana nan a bakin kowa, a shirye, wadda ake faɗa a kowane zaman makoki: kwananta ne ya ƙare. Da ta faɗe ta, da ba wanda zai zarge ta. Sharifa ta dubi Jibril ido cikin ido.

"Kwana na Allah ne, Malam Jibril. Amma ƙaho shida na kafa mata, da bakina na tsotsa. Idonta fari ne a ranar, irin na Yalwa yau. Na gani, ban san abin da yake nufi ba. Yanzu na sani."

Jibril ya tako zuwa gaba. Mutum biyu suka riƙe shi. Sai Wanzami Gambo ya tashi, ya sa carbinsa a aljihu.

"Ni na aike ta, Jibril," ya ce. "Shida ɗin ni na ce. In akwai magana, da ni za ka yi."

Ya sa takalmansa. Mutane suka dare masa hanya, ya wuce ta gefen 'yarsa kamar itace ya wuce. Jibril ya fizge hannunsa, ya tofar da yawu a ƙasa, ya bi ɗaya hanyar. Daga nan rumfar ta fara watsewa, biyu-biyu, uku-uku, kowa na shafa ƙeyarsa. Shehu Abdulmuttalib ya kaɗa rigarsa ya ce, "Kin zaɓa," ya tafi.

Sharifa ta tsaya a rana. Inuwar rumfar ta riga ta fara karkata. Ta ji kamar ta ɗauki takalman da suka rage ta jefe su da su ɗaya bayan ɗaya.

"Maza saba'in!" ta ce da ƙarfi. "Ku zubar don tsoro kun iya. Ku bayar don rai, sai a ga bayanku!"

"Mu ba a gan mu ba ne, ko ba a ƙidaya mu a maza?"

Wasu samari huɗu ne a ƙarshen tabarma, ƙafafunsu duk laka. Baƙi ne daga Abu Hujar, mako guda da zuwansu aikin cire ciyawa a gonakin auduga. Wanda ya yi maganar, dogo mai wushirya, ya ce sunansa Sodangi. Ya juya mata ƙeya ya ja riga.

"Duba. Sumul. Mun so a yi mana, layin ne ya yi tsawo."

"Za ku je?"

"Tambaya ɗaya. In jinina ya shiga jikinta, ta zama ƙanwata ke nan?"

"Ka tambayi malamai."

"Ni dai na yanke. Mijin ya zama surukina, kullum ya gaishe ni a tsugune."

Abokansa suka yi dariya, suka haye tirela. Huɗu. Hakim ya ce shida ko bakwai. Sharifa ta dubi Jibo. Jibo ya kawar da kai yana goge sitiyari da hularsa.

"Kada ki dube ni haka."

"Ban ce komai ba."

"Ai gara ki ce." Ya tayar da injin. Sai da suka hau gaɓar magudanar sannan ya yi magana, ba tare da ya juyo ba. "Abin da kika faɗa wa Jibril, ni ko da bindiga ba zan iya ba. In ya zama dole, ki rufe mini ido da mayafinki. Kuma in kika gaya wa matata na yi kuka, ban yafe ba."

Sun tarar Yalwa ta daina tambayar jaririnta. Leɓunanta sun yi toka, Salihu na kiran sunanta tana amsawa da ido kawai. Hakim Ali ya jera mazan biyar a benci. Ɗigo biyar suka faɗa ruwan shuɗi, duk biyar suka nutse kamar tsakuwa. A kan farin tangaran kuwa, uku suka dunƙule da na Yalwa. Biyu suka kwanta lafiya: na Sodangi, da na Jibo.

"Na shiga uku," in ji Jibo. "Duk garin nan sai ni?"

Sodangi ya kwanta yana ba ma'aikaciyar jinya labarin kifin Abu Hujar har kwalbarsa ta cika. Jibo kuwa, mayafi a fuska, ya karanta duk surar da ya sani, ya koma farko. Da aka zare allurar ya ɗaga mayafin ya ga kwalbar, ya ce, "Duk wannan nawa ne?" ya sulale daga benci. Aka yayyafa masa ruwa, aka ɗura masa shayi mai sukari.

Ana kiran la'asar kwalbar farko ta kai rabi. Sharifa na tsaye tana kallon ɗigon yana sauka a cikin siririyar robar. Ba ta zauna ba har aka rataya ta biyu. Can numfashin Yalwa ya fara tsawo. Ta motsa leɓe, Salihu ya kai kunne.

"Me ta ce?" in ji Sharifa.

"Wai an ba yaron nono?"

Hakim ya ja fatar idon, ya daɗe yana dubawa. "Za ta kwana," ya ce. Ya juyo ga Sharifa. "Maganar da na yi da safe, ya Sharifa, gajiya ce."

"Gajiya ba ta ƙirƙiro magana, Hakim. Abin da ke ciki take fitarwa. Ran Asabar zan kawo maka wasu mata uku. Ka tanadi kwalabe, ni zan nemo hannuwa."

Rana na dab da faɗuwa ɗaya daga cikin samarin ya tuƙo su gida, Jibo na kwance a tirela yana ba da umarni. Sharifa ta sami ubanta a zaure, shi kaɗai. A irin wannan lokacin zauren kan cika da masu jiran aski. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, an ƙara mata. Ta farfaɗo."

"Alhamdu lillahi." Ya faɗa da gaske, ta ji a muryarsa. "Gobe sunan jikan Abdussalami. Tun kakansu mu ke yi musu askin suna. Sun aiko ɗazu, wai kada in wahala, sun kira wanzami daga wani kambo."

"Baba, aski daban, ƙaho daban. Zan je in yi musu bayani."

"Kin yi bayani ya isa." Ya dube ta. "Da kin same ni a ɗaki, mu biyu, da ƙila na ji."

"Na same ka da safe."

Bai musa ba. Ya tashi ya shige cikin gida.

Yalwa ta dawo bayan kwana goma sha ɗaya, da ƙafarta. A cikin masu jego ukun nan, biyu sun yarda an kai su, sun rayu. Ta ukun mijinta ya ce ba zai miƙa matarsa ga wadda ta kashe Ramatu ba, sunan da ya bi Sharifa ke nan a bakin rijiya da gidajen biki, har mata suka daina buɗe mata ƙofa ko da ƙwayar zazzaɓi ta zo. Ba ta janye ko kalma ɗaya ba, kuma ba a sake kafa wa mai jego ƙaho a kambon ba.

Wanzami Gambo bai ƙara taɓa kan kowa ba. Yana da shekara sittin da ɗaya ya shiga layin masu tsinkar auduga a gonakin wasu, da buhu a ƙugu, tare da yaran da shi ya yi wa kaciya. Ya yi shekara shida a haka kafin ya rasu. A cikin shekarun nan in Sharifa ta gaishe shi yakan amsa, in ta kawo abinci yakan ci, amma bai sake zama ya yi hira da ita ba ko sau ɗaya.